Ƙofar da Na Fasa wa Iska

Ni na fara ganinsa. Kafin rediyo, kafin wayar Abdulrashid mai sayar da abincin kaji, kafin wani mahaluki a unguwarmu Rikoto ya buɗe baki ya ce zafi na tafe, ni Mika na faɗa. Kuma a bainar jama'a na faɗa, ba a ƙuryar ɗaki ba.

Ranar Lahadin ganyen dabino ce. Na tashi da sassafe na je randa in sha ruwa, sai na ji ruwan ba sanyi. Randar nan tun matata Leah tana da rai take ƙarƙashin mangwaro, kuma duk tsananin bazara in ka ɗebi ruwanta da safe sai ya kama maka haƙori. Ran nan kuwa ɗumi-ɗumi, kamar wani ya wanke hannu a ciki. Na shafa jikinta ta waje, na ji shi jiƙe, gumin da take yi bai bushe ba. Na ɗaga kai na dubi hayaƙin murhun maƙwabta. Ya tashi tsaye, ya rasa inda zai nufa, ya dawo ya kwanta bisa katanga. Na ce to, an zo wurin.

Abin da ke nan shi ne, busasshiyar iskar gabas mai shanye gumi ta gaji, ta fara janyewa. Iskar kudu mai jawo damina ba ta iso ba, laimarta kawai ta aiko. Tsakanin tafiyar wannan da isowar waccan akwai yini guda da sama ke rufe bakinta ruf, ko ganye ba ya motsi, zufa ta zauna a jikinka ta ƙi bushewa. Ni ban taɓa zama a aji ba. Amma na yi yaƙin basasa, harsashi ya shiga ta cinyata ya fita ta baya. Shekarar sanƙarau ta kwashe tsaraina ta bar ni tsaye. Kububuwa ta sare ni a gona na dawo gida da ƙafafuna. Wanda ya wuce wannan duka, iska ba ta yi masa ɓoyo.

Ba don kaina na damu ba. Magdalene ce, matar ɗana Ebenezer, wanda ya bi sahuna ya shiga soja, aka kai shi Borno, aka dawo mana da akwatinsa da hularsa. Abin da ta samu bayan rasuwarsa ba ta ci ba, ba ta ɗaura a jiki ba. Ɗakin kaji ta gina a bayan gida, ta zuba 'yan tsakin Turawa, fararen nan masu nama, ɗari da 'yan kai, ta auna yadda za su isa yanka daidai Ista. Kuma ta rufa ɗakin da kwano sabo fil. A nan Zuru, in gidan soja ne, ko ɗakin akuya da kwano ake rufa shi, don kada a ce ɗan gidan ya sa kaki a banza. Ni kaɗai na ƙi. Ɗakina na laka ne da jinkar ciyawa, da hannuna na gina shi shekarar da na ajiye bindiga.

Yayanta na Wasagu ya riga ya zo ya ɗauke jikokina biyu, wai hutu. Na san irin wannan hutun. A gabana ya ce mata in kajin nan ba su yi ba ta tattaro kayanta ta dawo gida, me take jira a gidan da ba miji. Bayan ya tafi ita ma ta ce min, kanta a sunkuye, "Baba, in suka mutu ba ni da abin da zan riƙe yaran nan a nan." Wato in kaji suka mutu, Magdalene ta tafi, yara ba su dawowa, gidan Mika ya koma daga ni sai ƙadangaru. A raina na ce ba dai ina numfashi ba.

Da aka tashi daga coci, mutane na tsaye da ganyen dabino a hannu, na ɗaga murya na ce, "Ku ji da kyau. Laraba iska za ta tsaya. Mai tsoho a gida ya fitar da shi inuwa, mai jariri ya cire masa riga." Wasu suka yi dariya. Wani ya ce, "Baba Kofur, ai kullum zafi ake yi." Na ce masa ya riƙe bakinsa ya kawo min shi ranar Alhamis.

Litinin da safe na ce wa Magdalene, "Ɗiyata, yau iskar gabas za ta ɗan taɓa har hantsi ta ɗauke. Da azahar guguwa za ta taso ta wajen filin ƙwallo. Kada ki shanya kaya a waje." Ta ce to, Baba. Maƙwabciyarmu Rahmatu ta ji ta bisa katanga, ta ce ita dai sai ta shanya kuɓewarta. Da azahar guguwa ta zo ta ɗauki faifan da kuɓewar da komai, sai a kan ɗorawar bakin hanya aka ga faifan.

Talata na ce yau ganye ba zai motsa ba sai rana ta karkata, sannan wata 'yar iska mai ɗumi za ta leƙo daga kudu ta koma. Ina cikin faɗa sai ga Abdulrashid a kan mashin da buhun abincin kaji. Mutumin Jega ne, shagonsa na bakin titi, shi ya kawo wa Magdalene 'yan tsakin tun farko. Yaro ne mai kirki, bakinsa ne kawai ba birki.

"Baba Kofur, ka ji mi waya ta ce? Gobe arba'in da uku."

"Arba'in da ukun me? Buhu?"

"Zahi, Baba. Ma'aunin zahi."

"Yaushe ta faɗa maka?"

"Yanzun ga da sahe."

"To ka gaishe ta, ka ce mata Mika ya riga ta tun Lahadi. Ta faɗa maka ta ina iska za ta zo?"

Ya shafa fuskar wayar, ya miƙo min. "Ga wata 'yar kibiya nan, wai da marece daga kudu."

"Kibiyar tana da tarbiyya. Ta yarda da na gaba da ita."

Ya yi dariya har buhun ya kusa zame masa. Amma da ya leƙa ɗakin kaji dariyar ta tsaya. Tun hantsi bai gama ba kajin sun buɗe baki suna haki, sun saki fukafukai, sun taru jikin kaskon ruwa. In ka ɗaga hannu kusa da kwanon rufin sai ka ji kamar murfin tukunya. Ya ce wa Magdalene ta daina ba su abinci da rana, ta yawaita ruwa, ta jiƙa buhuna ta shimfiɗa bisa kwanon. Ta yi duka. Buhunan suka bushe kafin ta sauko daga tsani. Kafin la'asar ta fito da matattu a daro, manya-manyan cikinsu, don zafi masu ƙiba yake fara ɗauka. Ta ajiye daron ta zauna a ƙasa tana kallonsu.

Na ce, "Wannan somin-taɓi ne. Gobe kwanon nan zai gasa su gaba ɗaya. Da asuba za mu kwashe su mu kai ɗakina."

Ta ɗago a firgice. "Ɗakinka, Baba?"

"Akwai wani ɗakin ciyawa a gidan nan bayan nawa?"

"Ai ba na shiga."

Gaskiyarta. A gidanmu matar ɗa ba ta taka ɗakin uban mijinta. Haka na tarar, haka uwata ta yi, haka Leah ta yi wa ubana har ya mutu. Tun da aka kawo Magdalene gidan nan, tuwona a bakin ƙofa take ajiyewa, ta durƙusa ta gaishe ni daga waje. Ko lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, daga bakin ƙofa take miƙo magani. Kuma ta fi riƙe abin bayan mutuwar Ebenezer, don kada a ce miji ya mutu ta zubar da kunya.

Na ce, "Ba ke za ki shiga ba. Ki miƙo, in karɓa. Ni zan yi jinyarsu."

Abdulrashid ya ce, "Kofur guda, ka koma mai renon kaji?"

"Na yi renon ƙatti a daji da suka fi ka wauta, sun dawo da rai. Kai dai ka zo da jarkoki gobe, kai ne mai ɗebo ruwa."

Laraba gari na wayewa muka fara. Na fitar da gadona da akwatina da tabarma na jibge ƙarƙashin mangwaro. Muka zuba ƙaiƙayin shinkafa a ƙasa. Magdalene na ɗauko kaji a kwando ta ajiye a bakin ƙofa, ni ina kwasa ina saki a ciki. Yatsan ƙafarta ko ɗaya bai haye dokin ƙofar ba. Abdulrashid ya rufe shago, ya ɗaura jarkoki a mashin, yana kai da komo tsakanin gida da burtsatse.

Abin da na faɗa kuwa ya zo. Da hantsi sama ta yi fari fat, ba gajimare, ba shuɗi, kamar an kifa faranti. Tsaunukan da muke gani kullum suka dushe. Ko shirwa ba ta tashi ba. Kare ya haƙa rami gindin randa ya shige. Kwanon ɗakin kaji da muka bari fanko yana ƙara shi kaɗai, ƙas, ƙas. Da mun bar su a can da kafin azahar an gama magana.

Ɗakina ya riƙe sanyinsa har rana ta take tsaka. Daga nan ya fara sakewa. Ɗaki ne da na gina wa mutum ɗaya, ƙofarsa ɗaya tana kallon arewa, cikin gida. Yanzu ga numfashin kaji sama da ɗari, ga laima, ba ta inda zai fita. Suka fara buɗe baki. Ina yayyafa musu ruwa da tsintsiya, ina ɗaga waɗanda suka kwanta ina tsoma ƙafafunsu a bokiti, ina fifita da faifai. In na tashi wannan sai waccan ta kife. Hannu biyu gare ni, aikin kuma na hannu huɗu ne, kuma na mai iya sunkuyo. Na ga duhu-duhu, na dafa bango.

Magdalene na durƙushe a bakin ƙofa da bokiti, tana gani, hawaye na zuba. "Baba, ka fito, za ka faɗi. Ka bar su."

"Shigo ki kama min."

"Ba zan iya ba, Baba."

"Ni mai ɗakin na ce ki shigo."

"Ko ka ce. Ƙafata ba za ta yarda ba. Me zan ce wa Ebenezer?"

Na dube ta, na ga ba gardama take yi ba. Da gaske ƙafar ba za ta ɗagu ba. Na fito na tsaya a tsakar gida, na jiƙa yatsa da yawu na ɗaga sama. Babu komai. Amma can ƙasa-ƙasa wajen kudu, ta bayan tsauni, farin saman ya ɗan yi toka-toka. Na san iskar tana can, tana haɗa kaya. Da la'asar za ta zo. Kuma in ta zo bayan ɗakina za ta tarar, bango sumul, ba ko taga. Za ta shafa shi ta wuce, kaji na mutuwa a ciki.

Na je na ɗauko diga.

Abdulrashid ya shigo da ruwa ya tarar da ni a bayan ɗaki na ɗaga diga. Ya jingine mashin ya rugo.

"Baba Kofur! Zahin ga ya taɓa ka? Ɗakinka ne hwa!"

"Na san ɗakina ne. Ni na gina shi, na san inda yake da taushi. Matsa."

Sara na farko digar ta yi tsalle ta dawo, don ginin Mika ba wasa ba ne. Na sake. Na sake. Laka ta fara zubowa. Na tuna ranar da na kwaɓa ƙasar nan, Leah na ɗebo min ruwa da tulu, Ebenezer na goye a bayanta. Ban tsaya ba. Da numfashina ya yanke Abdulrashid ya karɓi digar, na nuna masa: daga nan zuwa nan, a hankali, ka janyo ƙasar waje kada ta danne kaji. Ya yi ta sara yana mita, wai shi abincin kaji yake sayarwa, ba rusau ba. Na ce ya yi shiru ya faɗaɗa, ba taga nake so ba, ƙofa nake so, wadda mutum zai shiga da bokiti a hannu.

Da ta buɗe, sai ga haske ya ratsa ɗakin daga wannan gefe zuwa wancan. Tururin da ya taru a ciki ya fito ya bugi fuskata. Na kira Magdalene ta zagayo.

Na ce, "Ɗiyata, dubi nan. Waccan ƙofar ta arewa ita ce ƙofar ɗakin surukinki. Ita aka hana ki, kuma kin kiyaye, duk Rikoto shaida ne. Wannan kuwa yanzu aka haife ta. Ubana bai san ta ba, kakana bai san ta ba, ba wanda ya taɓa ɗora mata doka. Gadona na waje, akwatina na waje. Abin da ke ciki kajinki ne. Ƙofar kaji ce. Shiga."

Ta tsaya tana kallon ramin. Ta kalle ni. Ta kalli Abdulrashid, shi kuma ya juya baya yana kakkaɓe riga kamar bai ji komai ba. Can ciki wata kaza ta yi wani irin kuka ta kife, ƙafafu sama. Magdalene ta cire silifas ta jera su gefe, ta ce, "Gafara, Baba," ta sunkuya ta shiga.

Ban taɓa ganin hannu mai sauri irin nata ba. Ta ɗaga, ta tsoma, ta ajiye, ta buɗe bakin wata ta ɗiga mata ruwa, ta rarraba waɗanda suka cunkushe. Muka jiƙa buhuna muka rataya rabi-rabi a sabuwar ƙofar, yadda duk abin da ya shigo zai bi ta cikin ruwa. Ni na zauna bisa tarin ƙasar bangona, na fuskanci kudu.

Aka kira la'asar a masallacin bakin titi. Shiru. Abdulrashid ya je ya yi salla ya dawo. Shiru.

"Baba Kofur, ina iskar taka? Ko ta tsaya shan mai?"

"Tana hanya."

"Ka ce la'asar."

"Rana ta faɗi? In ba ta faɗi ba la'asar ce. Kai da kake salla ni zan koya maka?"

Daga ciki Magdalene ta ce, muryarta a dushe, "Baba, suna ta kwantawa."

"Ki ci gaba da ɗaga su. Kada ki bar ko ɗaya ta rufe ido. Na ce tana zuwa."

Ban ɗauke idona daga tsaunin ba. Rana ta yi ja, ta sauko dab da kan itatuwa. Sai na ga ƙurar hanyar Mahuta ta ɗan tashi ba tare da mota ba. Sannan kan ɗorawa ya girgiza. Sannan na ji ta a goshina da gefen wuya, inda zufa ta kwanta tun safe, wani sanyi siriri. Buhun da ke rataye ya kumbura ya shiga ciki. Wani farin gashin kaza ya tashi daga ƙasa, ya ratsa ɗakin, ya fita ta ƙofar arewa ya faɗa tsakar gida.

Na ce, "Abdulrashid, gaishe ta."

Ta zo da ƙarfinta, mai ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani gari mai nisa. Ta shiga ta kudu ta fita ta arewa kamar an gina ɗakin don ita. Kajin da suka kwanta suka fara ɗaga kai ɗaya bayan ɗaya, suka rufe baki, wata har ta miƙe ta kai wa 'yar'uwarta sara. Magdalene ta fito ta sabuwar ƙofa, jikinta duk ƙaiƙayi da kashin kaji, ta zauna kusa da silifas ɗinta tana dariya tana kuka.

An yi asara, ban ɓoye ba. Waɗanda suka mutu ran nan sun kusa cika kwando. Sauran kuwa suka kai Juma'a da ƙibarsu. Kaji sun yi wuya a gari makon nan, don zafin Laraba ya shiga ɗakunan kwano da yawa, saboda haka tun kafin Asabar ta ƙare matan coci da masu gashi na bakin titi suka kwashe su tas. Ranar Ista bayan sujada na ji Magdalene a waya tana ce wa yayanta ya sa yara a mota, makaranta ta kusa komawa, kuma ta riga ta yi wa Abdulrashid maganar sababbin 'yan tsaki. Ya yi wata magana, ta ce, "A'a, Yaya, nan ne gidansu."

Ta ce za ta kira magini ya toshe min bango. Na ce duk wanda ya taɓa shi sai mun yi shari'a. An share ɗakin, na mai da gadona, na rataya asabari a wurin. Tuwona har yau a bakin ƙofar arewa take ajiyewa, ta durƙusa daga waje. Ban ce mata don me ba.

Na ji wai akwai masu cewa a majalisar bakin titi sa'a ce kawai, tsoho ya yi ta surutu har ɗaya ta faɗa daidai. To ga wata, kyauta, ku riƙe. Jibi da safe za a yi lumshi, mutane su ɗauko iri suna murna. Ba ruwa ba ne. Da rana iska za ta juyo daga gabas da ƙarfi, ta yi ɗigo kaɗan wanda ba zai jiƙa bayan akuya ba, ta kwashe duk rufin da ba a ɗaure ba. Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo Rikoto ya tambayi gidan Kofur Mika. Ya zo da tabarmarsa da irinsa, ya zauna a gabana tun safe mu jira tare. In ruwan shuka ya sauka, ni da kaina zan bi shi gona in yi masa shukar da wannan cinyar tawa. In kuwa bai sauka ba, zai tashi tsaye a bakin titi, a gaban majalisar tasu, ya faɗa da ƙarfi wa ya riga kowa gani.